Wane fim kuka kalla kwanan nan da ya riƙe ku har ƙarshe?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina fina-finai masu dogon zango sun kashe mana fim. A da mutum zai zauna awa biyu, a ɗauko labari a kai shi ƙarshe, ya tashi da abin da zai kwana yana tunani. Yanzu sai a riƙe ka shekara biyu kan maganar da za a iya gamawa a zama ɗaya. Wanda nake bi a 'yan makonnin nan, kashin da ya fita na ƙarshe gaisuwa ce ta cinye farkonsa, talla ta cinye tsakiyarsa, mota ta fita daga get ta dawo, sai dab da ƙarshe aka faɗi abin da aka tara mu dominsa, nan take aka yanke. To ku faɗa mini, me kuka kalla kwanan nan, na Hausa ko na waje, da ya riƙe ku har ƙarshe?

Ummu_Sultan:
Wa alaikumus salam. Malam Dan Fagge, ni ban yarda an kashe fim ba, don mai dogon zangon ne ma ya dawo da ni kallo. Mace mai yara ina za ta samu awa biyu a jere? Amma minti arba'in bayan isha, yara sun yi barci, wannan ina samu. Kuma dogon labari shi ke ba ka damar sanin mutum. A wanda nake bi akwai wata uwar miji, tun farko na tsane ta, sai a zango na biyu aka nuna irin wuyar da ita ma ta sha a hannun dangin mijinta bayan rasuwarsa, aka raba gado aka bar ta da ɗaki ɗaya da marayu. Wallahi sai da na yi hawaye. Da a fim ɗin awa biyu ne, muguwa za ta shigo, muguwa za ta fita.

Sadiq_Zazzau:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Tsawon ba shi ne laifi ba, jan rai ne laifin. Akwai bambanci tsakanin labari mai tsawo da labarin da aka ja.

Abba_Kurna:
Ni dai Indiya-Hausa nake kallo, ba ruwana da zango. Shekaranjiya na je wajen mai tura fina-finai a bakin layinmu ya zuba mini wani na kudancin Indiya a memori, kusan awa uku, ban tashi ba sai da na ga bayansa. Wani talaka ne aka ƙwace wa ƙauyensu ruwa, ya tsaya sai da ya karɓo. Akwai faɗa, akwai ban dariya, akwai tausayi, kuma mai fassarar ya iya bakinsa.

Dan_Fagge:
Yauwa Abba, ka kawo mini hujja. Ummu Sultan, kin ji ko? Awa uku ya zauna. Ke nan mutane ba su rasa lokaci ba, abin da zai zaunar da su suka rasa.

Ummu_Sultan:
Abba saurayi ne, ba mai tashinsa ya ɗora girki. Ka tambayi matan gidan nan ka ji.

Maman_Ilham:
Tunda an ambaci girki bari in shigo. Abin da ke ɓata mini rai a fina-finanmu shi ne kicin. Na kalli wani cikin satin nan, an nuna amarya wai tana tuƙa tuwo, ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki, ga zobba a yatsu, ta riƙe muciya da hannu ɗaya tana juyawa a hankali, tukunyar ko tururi ba ta yi. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon mutum goma ta san sai ka danne tukunyar, ka sa hannu biyu, gumi na zuba. Daga nan na daina yarda da komai na fim ɗin, har kukan da ta yi daga baya bai shige ni ba. Kuma kullum gidan sama, kullum falo mai kujeru na alfarma. Mu da ke gidan haya mai tsakar gida ɗaya da rijiya, ba mu da labari ne?

Edita_Zoo_Road:
Salam. Ni a cikin harkar nake, aikina haɗa hoto, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Ba kare kowa zan yi ba.

A da furodusa zai gama fim ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, a buga faifai, a raba Arewa har Nijar da Kamaru, kuɗinsa ya dawo. Wannan kasuwar ta mutu. Masu satar fasaha suka fara karya ta, sannan waya ta zo ta ƙarasa ta: fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin wayar kowa, mai shi bai ga ko sisi ba. Mutane da yawa sun bar sana'ar a lokacin. Da aka shiga kullen korona a 2020, kowa na gida da waya a hannu, sai wasu suka gwada sakin labari kashi-kashi a YouTube, Allah ya sa aka karɓa. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

To amma ga inda matsalar take. YouTube kuɗin talla yake raba maka, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai idan ka kwatanta da wanda aka yi daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka. Sai ka ga mutum miliyan sun kalla, amma abin da ya shigo bai biya 'yan wasa da hayar gida da man janareta ba. Shi ya sa furodusa ke neman talla da kansa: mai atamfa, mai filaye, mai maganin gargajiya, mai makaranta. Shi kuwa mai talla a kan kowane kashi yake biya. Kashi goma kuɗin goma, kashi talatin kuɗin talatin. Ka ga wanda ya gama labarinsa da wuri ya rufe wa kansa ƙofa. Sau da yawa ana kawo mini abin da bai wuce minti ashirin na labari ba, a ce in fitar da minti arba'in da biyar. Motar da Dan Fagge ya gani tana fita daga get, irina ne ya bar ta a ciki, don in an cire ta lokacin ba zai cika ba.

Dan_Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam Edita, ka buɗe mana ido. Amma ka ga ka tabbatar da maganata ne. Koko ne ake ƙara wa ruwa don ya isa kowa, mu kuma muna saye da datarmu.

Edita_Zoo_Road:
Na tabbatar da rabinta. Ɗaya rabin kuma, mutum nawa ne a nan suka taɓa cire kuɗi suka biya don kallon fim ɗin Hausa a cikin shekarar nan? Data kamfanin waya ka biya, ba mai fim ba.

Khairat_BUK:
Ni na Koriya nake kallo, kuma abin da ya burge ni da su shi ne yawancinsu kashi 16 ne, an gama. Tun kafin a kunna kyamara marubuci ya san inda zai sauka. Wanda na gama jiya kan wata lauya ce da ke bin shari'ar mahaifinta, abin da aka nuna a kashi na biyu kamar ba komai ba, a na goma sha biyar ya zama shi ne mabuɗin komai. Namu kuwa sai a kawo mutum a zango na ɗaya, a manta da shi, har a gama ba a ce ga inda ya shiga ba.

Sadiq_Zazzau:
Khairat, na Turkiyya fa? Na tarihin kafuwar Daular Usmaniyya ɗin nan kashi ɗaya ya kai awa biyu, kuma an shekara biyar ana yi, amma ba wanda ya ce an ja shi. Kowane kashi sai an yi wani abu: an kama wani, an ci amanar wani, an tashi wani gari. Shi ya sa na ce tun farko tsawo ba laifi ba ne.

Khairat_BUK:
Yaya Sadiq, gidan talabijin na gwamnatinsu ne ya ɗauki nauyin wancan. Waye zai ɗauki nauyin namu?

Alhaji_Na_Gwammaja:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Mu mun yi kallo a Plaza da Orion da Rex, sinima ba rufi, sai an yi magariba duhu ya shiga ake kunnawa, in hadari ya taso kowa ya yi ta kansa. 'Yan Lebanon ne suka riƙa kawo fina-finan Indiya, ba fassara, ba mu jin ko kalma ɗaya, amma mu fito mu ba da labarin tun daga farko har ƙarshe ba mu ɓata ba. Me ya sa? Saboda hoton ne ke ba da labarin. Yanzu in ka rufe idonka a fim ɗin Hausa ba abin da ka rasa, magana ce kawai, mutum biyu a kan kujera. Wasan rediyo ne aka ɗauka da kyamara.

Sannan wannan abin da kuke kira sabo, ba sabo ba ne. Mun kalli marigayi Samanja da marigayi Ƙasimu Yero a talabijin, duk mako. Bambancin shi ne kowane mako da labarinsa, a fara a gama a daren, mako mai zuwa mutanen nan dai su dawo da wata sabuwar rigima. In ka rasa na wannan makon ba ka yi asara ba. Me zai hana a koma haka? Mai talla ya samu makonninsa, mai kallo ya samu ƙarshen labarinsa.

Ummu_Sultan:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wannan shawarar ta yi. Amma ni dai ina son abin da zai sa in ƙosa mako ya zagayo.

Bello_Tudun_Wada:
Baba ya tuna mana da da. Ai tun Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa na farko, labari ake fara nema kafin kyamara.

Malam_Nazari:
Gyara kaɗan Malam Bello. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa shi ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar fim ta kaset ɗin bidiyo a Kano, amma ba shi ne fim ɗin Hausa na farko ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar tun 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma na majigi ne irin na sinima. Abin lura a nan, daga littafi aka ɗauko shi. Su ma na farkon bidiyo da yawansu marubutan littattafan Kano ne suka mayar da littattafansu fim. Labarin ya riga ya kammala a takarda kafin a kira ɗan wasa. Yau muna da ɗaruruwan marubuta mata da ke sakin littafi a WhatsApp, wasunsu sun fi masu rubuta fim iya ƙulla zare, amma ba a cika neman su ba, in an nema ma abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba.

Bello_Tudun_Wada:
Na kaset ɗin nake nufi Malam, shi ne wanda muka tashi muka gani.

Sista_Jummai:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke damuna daban ne. Duk fim ɗin da aka shiga asibiti sai gabana ya faɗi. A wanda na kalla ranar Lahadi, yarinya ta suma, uwar ta ɗago kanta tana ɗura mata ruwa a baki. Don Allah jama'a kada wanda ya yi haka. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa kaya, a nemi asibiti. Da aka kai ta asibitin kuma, likita ya ɗora mata abin sauraron ƙirji kawai ya juyo ya ce tana da ciki wata biyu, ba gwajin fitsari, ba hoto. Robar ƙarin ruwa an manna ta da filasta a bayan hannu, ba allura, ruwan ko ɗiga ba ya yi. Mutane suna ɗaukar abin da suka gani, muna ganin sakamakonsa a wurin aiki.

Amma don adalci, akwai wani da na yaba. Saurayi da budurwa sun je gwaji kafin aure, duka biyun AS. Likitan cikin fim ɗin ya yi bayani daidai: kowane ciki da za a samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ita ba, ana iya jerawa. Ba su ɓoye zafin rabuwar ba, ba su kuma kawo wani abin al'ajabi da ya canza sakamakon ba. Tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, irin wannan fim ɗin ya fi lacca goma amfani. Wannan ya riƙe ni har ƙarshe, Malam Dan Fagge, kuma mai dogon zango ne.

Maman_Ilham:
Sista Allah ya biya ki. Wallahi ban san maganar ruwan nan ba, mu a gidanmu haka ake yi.

Dan_Fagge:
Sista, na karɓa. Amma ki faɗa mini tsakani da Allah, kashi nawa aka yi kafin a je gwajin?

Sista_Jummai:
An jima kam. Amma da ba a bar mu mun saba da su ba, da rabuwar ba ta yi mana ciwo haka ba.

Dan_Maradi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Maraɗi kallonmu ɗaya da ku, abin da ya fito Kano da dare, da safe shi ake hira a tasha. Abin da ni ke gani, ku kuna kukan tsawo, mu muna kukan ba mu ganin kanmu. In an sa Banijare cikin fim, ko mai gadi ne ko mai saida shayi, a sa shi ya yi wata irin Hausa da ba mu san ta ba. Alhali Nijar ta daɗe cikin harkar sinima. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, gasar fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, har yau akwai gidan al'adu da sunanshi a Yamai. Ga Damagaram da fadarta, ga Agadas, wuraren da in an ɗauki fim duniya za ta tsaya ta kalla.

Sadiq_Zazzau:
Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa. Haka ake yi wa Bafulatani da Bakatsine da Basakkwace, an mayar da karin harshe abin dariya.

Basakkwace_Ne:
Awo wallah. Duk sadda ka ji Sakkwatanci cikin fim, to bawan Allah nan wawa aka sa shi. Ba a taɓa sa likita ko alƙali ya yi shi ba.

Dikko_Katsina:
Tunda ana neman wanda ya fara ya ƙare a zama ɗaya, ni na samu kallon Mai Martaba, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni. A Daura aka ɗauke shi, labarin rikicin gadon sarauta ne, sarki na son 'yarsa ta gaje shi. Shi Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024. Bai kai ga shiga jerin waɗanda aka tace ba, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne ganin dawaki da rawuna da ganuwa an ɗauke su da mutunci, an bar hoto ya yi magana, abin da Baba Alhaji ke nema. Kuma ku lura, a 2019 an ƙi karɓar fim ɗin da Najeriya ta tura saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya wanda aka tura da Hausa da Fulatanci aka yi shi, a Taraba. Harshenmu ba shi ne cikas ba, shi ne ma ƙofar.

Abba_Kurna:
To a ina za mu gan shi? Mai tura mana ya ce ba shi da shi.

Dikko_Katsina:
Gara da ba shi da shi, Abba. In ya shiga hannunsu an gama da wanda ya zuba kuɗinsa.

Edita_Zoo_Road:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Tambayar Abba ita ce matsalar gaba ɗaya. Fim irin wannan sinima yake buƙata, mutum ya sayi tikiti. Gidajen sinima nawa ne ke aiki a Arewa yau? Legas furodusa zai saki fim a gidaje da yawa a rana ɗaya. Mu kuwa tsofaffin da Baba ya lissafa sun zama tarihi, sababbin ba su da yawa, kuma magidanci da yawa ba zai ɗauki iyalinsa ya kai su ba, saboda sunan da sinima ta yi tun da. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta suka har aka janye. Ban ce masu sukar ba su da dalilinsu ba, amma sakamakon shi ne har yau a gidajen haya muke ɗaukar fim, mai gida na tsaye yana duba agogo. Maman Ilham, abin da ya sa kike ganin falo ɗaya a fim biyar ke nan.

Malam_Sani_Islamiyya:
Malam Edita, masu sukar suna da dalili babba. Mu da ke koyar da yara mun san abin da suke kwasowa. Yarinya 'yar shekara goma ta haddace waƙar soyayya tun daga farko har ƙarshe, amma hadda ta gagare ta. Ni a wurina abu ɗaya da masu dogon zango suka gyara shi ne sun rage rawa da waƙa. A da fim ɗin awa biyun da Dan Fagge ke kewa, kusan rabin awa rawa ce a gindin bishiya. Kada mu manta da wannan.

Dan_Fagge:
Malam Sani, wannan gaskiya ce, ban musa ba. Ni ba rawar nake kewa ba, ƙarshen labari nake kewa.

Hajiya_Nima_Accra:
Salamu alaikum daga Nima. Ni kam kar a gajarta mana. Yaranmu a nan Turanci da Twi sun fi yawa a bakinsu, Hausarmu ta zango kuma ta sha bamban da ta Kano. Duk mako muna zama da jikokina mu kalla tare, suna tambayata abin da ba su gane ba, suna ganin yadda ake durƙusawa a gaida babba, yadda ake kai lefe, yadda ake zaman makoki. Gaisuwar da Malam Dan Fagge ya ce tana cin lokaci, ita nake so su gani.

Ummu_Sultan:
Hajiya kin gama magana. Allah ya raya jikoki.

Admin_Garba:
Jama'a muhawara ta yi kyau. Tunatarwa biyu: ban da zagin ɗan wasa ko 'yar wasa da suna, kuma wanda ya riga ya kalli kashin wannan makon kada ya faɗi abin da ya faru. Na goge saƙo biyu saboda haka. Haka nan ba a saka hanyar sauke fim ɗin sata a gidan nan.

Lauya_Aminu:
Ina so in ɗora kan maganar Sista Jummai, don mu ma kotu haka ake yi mana. A shigar da ƙara yau, gobe a yanke hukunci, lauya na yi wa alƙali tsawa. Amma abin da ya kawo ni shi ne batun tacewa. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba. Mutane sun ɗauki abin ta fuskar tarbiyya kawai, ni kuwa na hango wani amfani. In dole sai ka kai zango cikakke an duba kafin ka saki, to dole ka rubuta shi cikakke, ka ɗauke shi cikakke. Ba za ka riƙa karanta ra'ayin masu kallo a ƙasan bidiyo kana canza labari duk mako ba. Wannan kaɗai zai rage jan da Dan Fagge ke kuka da shi.

Edita_Zoo_Road:
Barista, a takarda haka ne. A aikace kuwa, kuɗin tallar wannan makon da shi ake ɗaukar na mako mai zuwa. Wanda zai iya ɗaukar kashi goma sha uku a jere kafin ya ga ko kwabo, a masana'antar nan ba su da yawa. Kuma abin da ka faɗa na canza labari gaskiya ne. Na ga inda aka shirya mutuwar wani a labari, masu kallo suka nuna suna son sa, aka fasa. Na ga inda 'yar wasa ta yi aure a tsakiyar zango, dare ɗaya aka rubuta cewa ta tafi karatu ƙasar waje.

Khairat_BUK:
To ai shi ya sa zaren ke tsinkewa. Ni da za a ce in biya ɗari biyar a wata in kalli abu mai kashi goma da aka gama rubutawa, ba talla a tsakiya, zan biya.

Abba_Kurna:
Ke za ki biya, Anti Khairat. A layinmu mutum ɗaya zai biya ya tura wa ashirin.

Malam_Nazari:
An gwada manhajojin biya a Arewa, irin su Northflix, don haka ba sabon tunani ba ne. Abin da Abba ya faɗa shi ne ƙalubalen. Yanzu da Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun 2024, ɗan gida ne da ya san ciwon, ina fata a fi mayar da hankali kan inda za a nuna fim da yadda mai shi zai karɓi kuɗinsa, fiye da tarukan ba da kyauta.

Dan_Fagge:
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana cewa an ja mu da yawa, kuma cikin duk waɗanda suka amsa, mutum biyu ne kawai suka kawo fim ɗin da ya fara ya ƙare a zama ɗaya, ɗaya ma na Indiya ne. Amma na ji Hajiya ta Nima, na ji Sista. Malam Edita, tambaya ta ƙarshe gare ka: a cikin masu shiryawa akwai wanda ke tunanin yin gajere kuwa?

Edita_Zoo_Road:
Akwai. Wanda ke hannuna yanzu kashi goma aka rubuta shi, an gama ɗauka, labarin wani direban tirela ne da iyalinsa, yawancinsa a gidan haya da tashar mota, Maman Ilham za ta ji daɗi. Sai dai jiya furodusan ya kira ni, wai wani mai talla ya ce sai in kashi goma sha uku ne zai shigo. Yana so in duba abin da muka zubar, ko za a samu na ƙarin uku.

Khairat_BUK:
Don Allah ku bar shi a goma.

Ummu_Sultan:
In akwai abin da aka zubar na matar direban, ni a dawo da shi. Mata irinta ba a cika ba su fili ba, mijin na hanya sati biyu, ita ke riƙe da gida.

Dan_Maradi:
In tirelar tana shigowa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ku nemi ɗan gari ya yi muku maganar wurin, kar ku sa Bakano ya kwaikwaya.

Edita_Zoo_Road:
Hanyar Legas yake bi, ɗan'uwa. Ummu Sultan, akwai fitowa biyu nata da muka cire saboda ƙarar janaretan maƙwabta ta shiga cikin sautin. Zan sake saurara da daddare in ga ko za su gyaru.